Tambayoyinku: Wace Ƙasa Ce Matanta Suka Fi Aiki, Kuma Wa Ya Ƙirga Su?

Wasiƙu uku da suka iso wannan fili cikin 'yan makonnin nan sun taɓo batu ɗaya, ko da yake kowace ta ɓullo masa ta tata hanyar, don haka na ga ya dace in haɗa su wuri ɗaya. Na taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin wuri, kuma na sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a sashen nazarin tattalin arziki, kuma ina rubuta kundin kammala karatu kan aikin yi tsakanin maza da mata. Na buɗe alƙaluman Bankin Duniya, sai na ga wai a Burundi da Madagaska mata kusan 8 cikin 10 suna fagen aiki, alhali a Jamus da Amurka ba su kai 6 cikin 10 ba. Shin kuskure aka yi, ko kuwa da gaske matan waɗannan ƙasashe matalauta sun fi na Turai samun aiki? Daga wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: Malama, alƙaluman da kika gani ba kuskure ba ne, amma kafin ki ɗora su a kundinki ya kamata ki san abin da aka auna, domin kalmar "aiki" a bakin masu ƙididdiga ba ta da ma'anar da take da ita a bakin wanda ya gama makaranta yana yawo da takardunsa ofis-ofis.

Ma'aunai uku ake yawan amfani da su, kuma mutane da dama, har da 'yan jarida, sukan cakuɗa su. A ɗauka akwai wani gari mai mata 100 da suka kai shekara 15 zuwa sama. Daga cikinsu 40 suna da abin yi da ke kawo musu kuɗi, 10 suna nema amma ba su samu ba, sauran 50 kuma ba sa aiki, ba sa nema, domin wasunsu suna makaranta, wasu sun tsufa, wasu kuma hidimar gida da reno sun cinye musu lokaci. Idan aka tambayi yawan masu aikin yi, amsar ita ce kashi 40 cikin 100. Idan aka tambayi yawan waɗanda suka shiga fagen ƙwadago, wato masu aiki da masu nema a haɗe, amsar ita ce kashi 50. Idan kuwa yawan marasa aikin yi ake nema, ba da 100 ake raba 10 ɗin nan ba, da 50 ɗin da ke cikin fagen ake raba su, sai a sami kashi 20. Ki lura da wani abu a nan: da a ce waɗannan mata 10 za su gaji su daina nema, rashin aikin yi a garin zai koma sifili a takarda, alhali ko mace ɗaya ba ta sami aiki ba. Shi ya sa idan ana kwatanta maza da mata ba a cika dogara da ma'auni na uku ba, tunda akasarin matan da ba sa aiki ba sa cikin masu nema. Jadawalin da kika gani na ma'auni na biyu ne.

Sai batun shekaru, wanda shi kaɗai ya isa ya sauya lissafin. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, wadda daga wurinta Bankin Duniya ke ɗauko waɗannan alƙaluma, tana ƙirga duk wanda ya kai shekara 15 har zuwa ƙarshen rayuwarsa. Amurka tana farawa daga 16, ƙungiyar ƙasashe masu arzikin masana'antu ta OECD ta fi amfani da 15 zuwa 64, Tarayyar Turai kuma 20 zuwa 64. A Jamus fiye da mutum ɗaya cikin biyar ya kai shekara 65, kuma mata sun fi yawa a cikin waɗannan tsofaffi, suna zaune suna karɓar fansho. 'Yan matan da ke tsakanin 15 da 20 kuwa akasarinsu suna makaranta. Duk waɗannan suna cikin lissafin ILO, suna jan adadin ƙasa. Idan aka cire su, aka dubi masu shekara 20 zuwa 64 kawai, fiye da kashi 75 cikin 100 na matan Jamus suna aiki. A Burundi tsofaffi ba su da yawa, fansho bai kai ga manomiyar ƙauye ba, yarinya mai shekara 16 kuma sau da yawa tana gona tare da mahaifiyarta.

Daga nan sai ma'anar aikin kanta. Ƙa'idar da ƙasashe suka amince da ita ita ce, duk wanda ya yi aiki na aƙalla sa'a ɗaya a makon da ya gabaci ranar da aka yi masa tambaya, ana lissafa shi cikin masu aiki. Mai suyar ƙosai da safe da babbar likita a wani asibitin Berlin, kowaccensu mutum ɗaya ce a jadawalin. Bugu da ƙari, taron masana ƙididdigar ƙwadago na duniya da aka yi a Geneva a 1982 ya yarda a sanya wanda ke noma abin da iyalinsa za su ci cikin masu aiki, sai taro na 19, wanda aka yi a 2013, ya sauya wannan, ya ce aikin yi shi ne wanda aka yi domin lada ko riba, noman ci kuma a ware masa rukuninsa dabam. Ƙasashe ba su rungumi sabuwar ƙa'idar a lokaci ɗaya ba. Ruwanda, alal misali, da ta koma kanta a wajajen 2016, adadin masu aikin yi a takarda ya faɗi ƙwarai, ba don an kori kowa daga gona ba. Saboda haka idan kika ga layin wata ƙasar Afirka ya yi tsalle ko ya rufta a shekara guda, ki fara binciken ko an sauya takardar tambayoyi a wannan shekarar kafin ki je neman dalili a tattalin arziki.

Duk da haka, ko an gyara waɗannan duka, matan Burundi da Madagaska suna aiki da gaske, kuma aiki mai wuya. Inda babu tallafin rashin aiki, babu fansho, abin da maigida ke samu kuma bai isa ci ba, mace ba ta da damar zama. Masaniyar tattalin arziki ta Jami'ar Harvard, Claudia Goldin, wadda ta karɓi lambar yabo ta Nobel a 2023, ta bi diddigin aikin matan Amurka na tsawon fiye da shekara 200, ta nuna cewa tafiyar ba miƙaƙƙen hawa ba ce. Siffar ƙwarya gare ta: a gangara daga baki ɗaya zuwa gindi, sannan a hau ɗaya bakin. Lokacin da jama'a ke rayuwa kan noma da sana'ar gida, matar aure tana aikinta a inda take renonta, don haka ake samun mata da yawa cikin aiki. Da masana'antu suka zo, aiki ya bar gida ya koma ma'aikata mai nisa da ƙayyadadden lokaci, haɗa shi da reno ya yi wuya, kuma a wurare da yawa ana ganin abin kunya ne ga namiji a ce matarsa tana aikin ƙarfi a masana'anta, sai adadin ya sauka. Daga baya, da ilimin 'ya'ya mata ya yaɗu, ayyukan ofis da koyarwa da jinya suka yawaita, haihuwa kuma ta ragu, sai ya sake hawa. Turkiyya ta nuna wannan a fili cikin tsawon rayuwar mutum ɗaya. A 1955 kusan kashi 70 cikin 100 na matan ƙasar suna fagen ƙwadago, kusan dukkansu a gonakin iyali; da jama'a suka yi ta ƙaura zuwa Istanbul da Ankara da Izmir, adadin ya gangaro zuwa kusan kashi 23 a 2004, daga nan ya juya, yanzu ya haura kashi 30. Burundi tana kan bakin ƙwaryar na farko, Jamus tana kan na biyu, kuma tsayinsu yana iya zuwa ɗaya ba tare da rayuwar matansu ta yi kama da juna ba. Ni dai ban ɗauki wannan siffa a matsayin doka da dole kowace ƙasa ta bi ba, domin akwai ƙasashen da suka daɗe a gindin ƙwaryar duk da arziki da ilimin da suka samu, amma tana hana mutum saurin yanke hukunci.

Shawarata game da kundinki ita ce ki zaɓi ma'auni ɗaya da rukunin shekaru ɗaya ki tsaya a kansu, ki kuma rubuta su a ƙarƙashin kowane jadawali. Idan da hali ki ɗauki masu shekara 25 zuwa 54, tunda wannan rukuni ya kauce wa matsalar 'yan makaranta da ta masu ritaya. Ki kuma bambance alƙaluman da ƙasa ta tattara da kanta da waɗanda ILO ta ƙiyasta, domin ƙasashe da yawa sukan yi shekaru ba su yi binciken ƙwadago ba, sai ƙungiyar ta cike gurbin da hasashe. Layi mai santsi da ya taso tun daga 1990 ba shaida ba ce cewa kowace shekara an bi gida-gida an yi tambaya. Sannan ki ajiye adadin masu aikin albashi kusa da na masu taya iyali aiki ba lada, domin a nan ne bambancin Burundi da Jamus zai fito sarari.

TAMBAYA: Kullum muna ji a rediyo cewa tazarar da ke tsakanin maza da mata wajen aiki tana raguwa a duniya. Shin haka ne, kuma a waɗanne ƙasashe? Sannan na lura ƙasashen Larabawa ne a ƙarshen jerin. Wani abokin aikina ya ce addini ne sanadi, ni kuma ban gamsu ba. Daga wani malamin makaranta, Maraɗi.

AMSA: Malam, tazarar ta ragu, amma kaɗan, kuma ba ta hanyar da mai sauraron rediyo zai zata ba. Ƙiyasin ILO ya nuna cewa a 1990 kusan kashi 51 cikin 100 na matan duniya suna fagen ƙwadago, maza kuma kusan 80. A 'yan shekarun nan mata suna wajajen 47 zuwa 49, maza wajajen 72 zuwa 73. Ka ga ke nan duka biyun sauka suka yi, sai dai na maza ya fi saurin sauka, shi ya sa giɓin ya ɗan matse daga maki kusan 29 zuwa kusan 25. Abin da ya fi jan adadin mata ƙasa shi ne ƙasashe biyu da ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya. A ƙasar Sin adadin ya sauko daga kusan kashi 73 a 1990 zuwa wajajen 60, bayan an rufe ɗimbin masana'antun gwamnati tare da wuraren renon da ke cikinsu, 'yan mata suka ƙara daɗewa a makaranta, mata kuma suna yin ritaya kafin maza. A Indiya ma ya yi ta sauka har ya kai kashi 23.3 a binciken shekarar 2017 zuwa 2018.

Amurka ce ke da dogon jerin alƙaluma mafi sauƙin bi. A 1950 mata kusan kashi 34 ne ke fagen ƙwadago, maza kuma kusan 86, tazarar ta haura maki 50. Mata suka yi ta hawa har suka kai kashi 60 a 1999, daga nan suka tsaya, yanzu suna wajajen 57. Maza kuwa sun yi ta gangarowa a hankali har zuwa wajajen 68, saboda tsawaitar karatu, da ritaya, da tsufan jama'a, da raguwar ayyukan masana'antu da marasa digiri suka dogara da su. Idan ka yi lissafi za ka ga kusan rabin raguwar tazarar daga ɓangaren maza ta zo. Wannan ne dalilin da ya sa nake so a riƙa nuna layin maza da na mata a jere maimakon a ba da adadin giɓin shi kaɗai.

Misalin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne Jamus kafin haɗewarta a 1990, domin al'umma ɗaya ce mai harshe ɗaya da tarihi ɗaya, aka raba ta gida biyu na tsawon shekara 40. A Jamus ta Gabas gwamnatin gurguzu tana buƙatar hannaye a masana'antu, ta gina wuraren renon yara a ko'ina, har ya zamana a ƙarshen shekarun 1980 kusan mata 9 cikin 10 masu shekarun aiki suna aiki ko suna karatu da koyon sana'a. A Jamus ta Yamma kuwa doka ta ci gaba da cewa matar aure za ta yi aiki ne idan aikin bai ci karo da hidimar aure da ta iyali ba, har sai da aka soke wannan sharaɗi a 1977, kuma da kaɗan matan da ke fagen ƙwadago suka haura rabi. Har yau, fiye da shekara 30 bayan haɗewa, iyaye mata a gabashin ƙasar sun fi na yammaci yin aikin cikakken lokaci. Suwidin ita ma da doka ta sauya nata lissafin: a 1971 ta daina haɗa kuɗin shigar miji da mata wajen yanke haraji, abin da ya sa albashin matar ya daina faɗawa cikin haraji mai nauyi, a 1974 ta mayar da hutun haihuwa na uwa da uba duka, a 1995 kuma ta keɓe wata ɗaya wanda idan uba bai ɗauka ba ya tafi a banza. A cikin Tarayyar Turai kanta, a 2023, maza masu shekara 20 zuwa 64 kusan kashi 80 suna aiki, mata kusan 70, amma a Finlan tazarar ba ta kai maki ɗaya ba, a Italiya da Girka kuwa ta kusan maki 20.

Akwai kuma abin da adadin kawuna ke ɓoyewa, wato sa'o'i da ingancin aikin. Holan tana cikin ƙasashen da matansu suka fi shiga aiki a Turai, amma akasarin ma'aikata mata a can aikin rabin lokaci suke yi. Japan, tun da Firaminista Shinzo Abe ya sanya aikin mata cikin manufofinsa a 2013, ta ga hauhawa sosai, har matanta masu shekara 25 zuwa 54 suka wuce takwarorinsu na Amurka, sai dai fiye da rabin matan da ke aikin albashi a ƙasar suna kan ayyukan wucin gadi ko na rabin lokaci, masu ƙarancin albashi da ƙarancin ƙarin girma. Indiya ma adadinta ya farfaɗo zuwa kashi 41.7 a binciken 2023 zuwa 2024, amma mafi yawan ƙarin daga matan karkara ne masu ƙananan sana'o'in kansu da masu taya iyali aiki ba lada, kuma masana a ƙasar har yanzu suna muhawara kan ko wannan ci gaba ne ko alamar matsin rayuwa.

Game da maganar abokin aikinka, gaskiya ne cewa yankin Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka ne mafi ƙarancin adadi a duniya, inda matsakaicin bai cika kai kashi 20 ba, a Yaman ma bai kai 10 ba. Amma idan addini shi kaɗai ne sanadi, ya kamata mu ga irin wannan a duk ƙasashen Musulmi, kuma ba haka abin yake ba. A Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, fiye da rabin mata suna fagen ƙwadago, haka ma a Mali da ƙasarka Nijar. Indiya, wadda akasarin mutanenta mabiya addinin Hindu ne, ta yi shekaru tana ƙasa da Indonesiya nesa ba kusa ba. Saudiyya kuma ta ba da misali mafi sauri a wannan zamani: a 2017 matan ƙasar da ke fagen ƙwadago ba su kai kashi 20 ba, shirin gwamnati ya sa burin kaiwa kashi 30 zuwa shekarar 2030, amma zuwa 2023 an kai wajajen 35, bayan an ba mata izinin tuƙin mota a watan Yunin 2018, aka sassauta dokokin tafiye-tafiye a 2019, aka kuma buɗe musu ayyukan shaguna da otal-otal da a da baƙi ke yi. Addinin mutanen Saudiyya bai sauya cikin shekara shida ba.

Masana sun kawo wasu dalilai da suka cancanci a duba. Ester Boserup, masaniya 'yar ƙasar Denmark, ta lura tun a 1970 cewa inda ake noma da garmar shanu, aikin gona ya fi zama na maza, mata suna komawa gida, inda kuwa ake noma da fartanya mata suna cikin gona tsundum, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa wannan tsohon rabon aiki yana barin tasirinsa a al'ada ko bayan an bar noman. Michael Ross na Jami'ar California ya kawo hujja a 2008 cewa arzikin man fetur yana danne masana'antun saƙa da ɗinki na fitarwa waje, waɗanda su ne ƙofar da mata suka bi suka shiga aikin albashi a ƙasashe irin su Bangladesh da Koriya ta Kudu. Ba ina cewa al'ada da yadda mahukunta ke fassara addini ba su da tasiri ba ne; abin da ya faru a Afganistan bayan dawowar Taliban a 2021, inda aka hana mata jami'a da aiki da ƙungiyoyin agaji a watan Disamban 2022, ya isa shaida. Abin da nake nufi shi ne sanadi ɗaya bai isa ya bayyana jadawalin ba.

Abu ɗaya da ya ratsa dukkan ƙasashe, mai arziki da matalauciya, shi ne hidimar gida. Rahoton ILO na 2018 ya ƙiyasta cewa mata ne ke yin fiye da kashi 76 cikin 100 na aikin kula da iyali da ba a biya, kimanin sa'a 4 da minti 25 a rana, maza kuma sa'a 1 da minti 23. Rahoton ya ce mata miliyan 606 masu shekarun aiki ne wannan hidima ta hana su shiga fagen ƙwadago, maza kuwa miliyan 41. Girki da wanki da reno da jinyar tsofaffi ba sa cikin ma'aunin aikin yi ko a tsohuwar ƙa'ida ko a sabuwa.

TAMBAYA: Matata ba ta fita, amma tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula a cikin gida, yara suna kai talla, kuma wani watan abin da take samu ya fi nawa. Shin irinta tana cikin alƙaluman gwamnati? Kuma ta yaya aka ce rashin aikin yi a Najeriya ya sauko daga kashi 33 zuwa kashi 4 alhali ba mu ga ayyukan ba? Daga wani ɗan kasuwa, Kano.

AMSA: Alhaji, bisa ƙa'ida uwargidanka mai aiki ce cikakkiya, tunda abin da take yi domin riba take yin sa, kuma idan kana da 'ya da ta kai shekara 15 tana kai mata talla, ita ma ana lissafa ta a rukunin masu taya sana'ar iyali. Ko sun shiga lissafin ko ba su shiga ba, wannan ya danganta ga wanda aka tambaya da kuma yadda aka yi tambayar. Ma'aikacin ƙididdiga namiji a zaure yake tsayawa, tunda gidan ba shiga, maigida ne zai amsa a madadin kowa. Idan ya ce, "Uwargida tana aiki?" amsar da za ta zo ita ce, "A'a, tana gida," kuma maigidan bai yi ƙarya ba, domin a Hausa idan aka ce mutum yana aiki, aikin albashi ake nufi, abin da matarka ke yi kuwa sana'a muke ce masa. Da za a ce, "Tana da sana'a?" da amsar ta bambanta. Baturiyar Ingila Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta rubuta yadda matan kulle ke gudanar da ciniki mai yawa na hatsi da dafaffen abinci daga cikin gidajensu ta hannun yara, ta kira shi kasuwancin ɓoye, domin baƙon da ya tsaya a kasuwar gari ba zai gan shi ba. Wannan ne ya sa takardun bincike na yanzu ba sa tsayawa kan tambaya ɗaya. Suna bi da wasu, ko ta sayar da wani abu, ko ta taya wani a sana'arsa, ko ta yi kiwo domin sayarwa.

Saukar da ka ji kuwa daga sauyin ma'auni ta zo. A tsohon tsarin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, duk wanda bai yi aikin sa'a 20 a mako ba ana sanya shi cikin marasa aikin yi, kuma da wannan tsari aka sami kashi 33.3 a rubu'in ƙarshe na 2020. A watan Agustan 2023 hukumar ta fitar da sakamakon sabon tsari mai bin ƙa'idar sa'a ɗaya ta ILO, wanda kuma ya ƙirga duk wanda ya kai shekara 15 ba tare da tsayawa a 64 ba, sai aka sami kashi 4.1 a rubu'in farko na 2023. Alƙaluman biyu ba sa haɗuwa a layi ɗaya, kuma hukumar da kanta ta faɗi haka. Sabon binciken ya nuna kusan mutum 8 cikin 10 masu shekarun aiki suna fagen ƙwadago, tazarar maza da mata kuma 'yar kaɗan ce, amma ya kuma nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aikin suna ɓangaren da ba shi da rajista ko fansho, masu aikin albashi kuwa wajajen kashi 12 ne kacal. Matarka tana cikin kashi 90 ɗin nan.

Idan masu binciken suka zo gidanka, ka nemi a turo ma'aikaciya mace ta shiga ta tambaye ta da bakinta. Idan hakan bai yiwu ba, ka ambaci man gyaɗar da ƙuli-ƙulin da hular ɗaya bayan ɗaya, ka kuma tambaye ta kwana nawa take yi a mako da sa'a nawa a rana kafin ka fito zaure, domin za a tambaye ka wannan ma.